Jif ta ƙi tashi bayan ta sha gurɓataccen mai: kurakuran da aka fi yi

Da damina ta kankama a Kaduna, ruwa kan sulale cikin tankin ƙasa na wasu gidajen mai, ga kuma man 'yan bumburutu da akan gauraya da kananzir. Wani lokacin ma daga sama matsalar take zuwa, kamar fetur mai yawan methanol da aka shigo da shi daga Beljiyam a farkon shekarar 2022. Tsofaffin jif irin su Prado, Pathfinder da CR-V sun fi jin jiki, don tankinsu ya riga ya tara dauɗar shekaru.

Kuskuren da ya fi cin kuɗi shi ne nacin murɗa makulli. Ruwa ya fi fetur nauyi, ƙasan tanki yake kwanciya, daidai inda famfon mai yake zuƙa. Duk murɗawa ɗaya, ruwan kake turawa cikin layin mai da nozul (bakin da ke fesa mai cikin injin), kana jiƙa fulogi, batir yana mutuwa, sitata tana ɗaukar zafi. Kada murɗawa ɗaya ta wuce daƙiƙa 10, sannan a huta minti guda. In sau uku ba ta tashi ba, a zare makulli. Masu cewa a tura ta kuwa, jif mai giyar otomatik ba ta tashi da turi. Wahalar da 'yan unguwa kawai za a yi.

Sai sayen kaya kafin a duba man. Mutum ya wuce kasuwar Panteka ya sayo famfo, a ɗaura, a sake tsoma shi cikin ruwan da ya kashe na farko. Gwajin bai da tsada. A cire hos ɗin da ke kawo mai wajen injin, a tsiyaya kamar rabin lita cikin kwalba mai haske, a ajiye minti 15. In akwai ruwa, za a ga layi ƙarara, ruwa a ƙasa, fetur a sama. In ya yi hazo-hazo, shi ma ba lafiya. A ɗiga kaɗan a farar takarda: fetur zalla yana bushewa nan take, mai gas a ciki yana barin tabon maiƙo. A kuma kasa kunne: da an murɗa makulli zuwa ON, famfo mai rai yakan yi ƙugi na daƙiƙa biyu zuwa uku. In shiru, a fara duba fiyus da riley (makunnin da ke ba famfo wuta). In ana da ma'auni, yawancin injinan fetur masu nozul na wancan zamanin suna son matsin mai wajen bar 3 (bar shi ne awon matsi).

Ƙara mai mai kyau a kan gurɓatacce ba ya magani, ruwan yana nan a ƙasa. Maganin kwalba da ake zubawa a tanki ɗan danshi kawai yake iya shanyewa.

Gyaran gaskiya sai an kwashe man kaf. A cire kan batir na negatif, a buɗe murfin famfo a ƙarƙashin kujerar baya in motar tana da shi, in babu a sauke tankin. A zuƙe da famfon hannu, ba da baki ba, kuma nesa da mai sigari da mai walda. A goge laka da tsatsa, tankin ya bushe. A canja rariyar bakin famfo da filtar mai. Nan ne bakanike mai gaggawa kan yi sakaci: ya wanke tanki ya bar layi cike da ruwa. A zuba sabon fetur lita 15 zuwa 20, a sa bakin hos a galan, a yi ta kunna famfo har mai ya fito garau, sannan a mayar. A cire fulogi a busar, waɗanda suka yi baƙi ƙirin a sauya.

Zuba fetur a bakin iska don ta kama, wannan neman gobara ne.

In jif ɗin mai gas ce aka zuba mata fetur, ko makulli kada a murɗa. Gas ne ke shafa wa famfonta maiƙo, fetur kuwa cinye shi yake yi. A jawo ta gareji.

Bayan ta tashi, a zaro sandar gwajin baƙin mai a sansana. In yana warin fetur ko ya haura alamarsa, man da bai ƙone ba ne ya gangara, sai a juye shi tare da filtarsa kafin a hau hanyar Zariya ko Abuja.