In mai gida ya ba ka notis a Damagaram

Da fari, kada ka kwashe kaya cikin fushi. Nemi wa'adi a gaban shaidu biyu, a rubuta ranar.

Sannan ka ɗauki takardun biyan haya ka tafi wurin mai unguwa. Sasanci ya fi shari'a sauƙi, musamman in ana bin ka bashin haya kuma ka zo da wani abu a hannu, ko jaka biyar ce, ka yanka wa sauran bashin lokaci.

Tun a ranar ka fara cigiyar wani ɗaki, a masallaci da wurin dillalai. In na ƙasa ne, kamar yawancin gidajen tsohuwar unguwar Birni, duba gindin katanga da indararo, don ruwan Agusta ba ya wasa da ginin da ya tsage.

Takardun haihuwar yara kuwa, ƙulle su a leda, ka kai ajiya gidan dangi.