Yadda za ka sa motarka ta kama titi ba tare da ka sauke ta ƙasa ba

Da zarar mota ta fara lilo a kwana, shawarar da samari ke ba juna ita ce a yanke sifirin a sauke ta ƙasa. Wanda ya taɓa ratsa lungunan cikin gari bayan ruwan Agusta, ko ya ji cikin motarsa ya daki tudun rage gudu, ya san salansa da tukunyar baƙin mai ne ke biyan kuɗin wannan ado. A Kano tsayin mota abin riƙewa ne. Abin da ke sa mota ta kama titi shi ne tayoyinta huɗu su zauna daram a kan kwalta, kuma ana samun haka tana nan a tsayinta na kamfani.

Fara da taya kafin ka kashe ko sisi a kasuwar kayan mota ta Ƙofar Ruwa. A gefen kowace taya, a ƙarshen layin rubutun da ya fara da DOT, akwai lambobi huɗu na lokacin da aka ƙera ta: 2322 na nufin mako na 23 na shekarar 2022. Tayar Beljiyam tana iya zuwa da zane mai kyau alhali robarta ta bushe, ga zafin Afrilu da ke haura digiri 40. Irinta ce ke zamewa a ruwan farko, lokacin da ƙura da baƙin mai suka cakuɗe a titi. Zanen da ya suɗe ya kai milimita 1.6 ya gama aiki. Iska kuwa, karanta takardar da ke manne a jikin ƙofar direba, yawancin ƙananan motoci tsakanin PSI 30 ne da 35 a ma'aunin iska, kuma da safe ake aunawa kafin taya ta yi zafi. Kada ka bar mai faci ya auna maka da babban yatsa. Iska ta yi yawa, tsakiyar tayar kaɗai ke taɓa ƙasa.

Daga nan a hau rami a duba ƙarƙashi. Ka ce wa bakanike: "Oga, a sa ƙarfe a girgiza min bushin ɗin lowa-am, bol-joyin, tayarod da linkejin sitabilaiza, ina tsaye." Duk wanda ke wasa a canza shi. Bushi shi ne robar da ke mahaɗar ƙarafan ƙarƙashin mota. Motar da robobinta suka mutu, kusurwar tayarta na sauyawa a tsakiyar kwana, shi ya sa kake jin sitiyari kamar yana shawara da kansa. Akwai abin da masu gaggawa ke tsallakewa: ba a ɗaure notin bushi tamau mota na rataye a kan jak. Sai an sauke ta nauyinta ya hau tayoyi, in ba haka ba robar za ta zauna a murɗe ta yage da wuri. Bushi mai tauri na foliyuretan yana ƙara wa sitiyari kaifi, amma duk gargadar hanya za ka ji ta a bayanka. A ganina a jikin sandar sitabilaiza, wadda ke rage kwanciyar mota a kwana, kaɗai ya dace da titunanmu.

Yanzu shokazoba, inda yawancin kuɗin zai tafi. Sifirin ne ke ɗauke da nauyin mota, aikin shokazoba shi ne hana shi ci gaba da tsalle bayan an faɗa rami. In ta mutu, taya na ta dukan ƙasa tana tashi, kuma tayar da ba ta taɓa ƙasa ba ta jin birki ba ta jin sitiyari. Danna kusurwar mota da ƙarfi ka saki. In ta yi sama da ƙasa fiye da sau ɗaya, ko ka ga mai ya jiƙe jikin shokazobar, ta tafi. Nemi shokazoba mai gas wadda aka yi wa tsayin kamfani. KYB Excel-G da Bilstein B4 madadin na asali ne, B6 ta fi su tauri kuma ita ma da sifirin na asali take aiki. B8 ta motar da aka sauke ce, ka bar musu kayansu. Bibbiyu ake canzawa, gaba biyu ko baya biyu, tare da robar sama da take zama a ciki. Wadda aka huda aka ɗura wa mai aka fesa fenti, kwana kaɗan take yi. Sannan auna daga tsakiyar taya zuwa bakin bodi a dama da hagu. Motar da ta sha lodin buhuna a but sau da yawa sifirin ɗinta na baya ya zauna, sai a sa sabo mai tsayin asali.

In an yi duk wannan har yanzu tana kwanciya gefe a shataletale, sai a zo kan sandar sitabilaiza. Ita ce ke haɗa tayar dama da ta hagu, mai kauri tana rage kwanciyar ba tare da ta taɓa tsayi ba. Motocin da ke ja da gaba, irin su Corolla, Camry da Golf, halinsu shi ne hanci ya ƙi shiga kwana. Ƙara kaurin sandar baya kaɗan yana gyara wannan. Kaɗan fa, milimita biyu ko uku, domin in ta yi yawa baya ne zai riƙa fizgewa a jiƙaƙƙen titi, wanda ya fi haɗari nesa ba kusa ba.

Alayimen da balansin su ne na ƙarshe, don duk abin da aka kwance ya taɓa kusurwar taya. Je inda ake da na'ura, ka nemi a nuna maka lambobin kafin gyara da bayansa. Sai ka fita hanyar Zariya da sassafe kafin cunkoso, ka sassauta riƙon sitiyari a miƙaƙƙen wuri ka ga ko tana ja gefe, ka taka birki a gudun kilomita 60 ka ji ko hanci na nutsewa. Bayan mako guda ka koma a sake bin notuna.