Yadda za ka mayar da rumfar mota ɗakin kwana da hannunka

Yaro ya tasa, bai kamata ya ci gaba da kwana ɗaki ɗaya da ƙannensa mata ba. Ko kuma baƙi daga gida sun yawaita har falo ya koma masauki. Sai maigida ya dubi rumfar motar nan mai ginshiƙan ƙarfe da rufin kwano, ya ce ai rabin aiki ya ƙare, bango kawai ya rage. A nan mutane da yawa suke ruɗuwa. Rufin ba shi ne abin damuwa ba. Kyawun ɗakin ko lalacewarsa yana ƙarƙashin ƙafarka, a daɓen da motar take tsayawa a kai.

Kafin ka sayi bulo ko ɗaya, bincika abin da ke binne a wurin. A gidaje da yawa na birni, saboda ƙarancin fili, a ƙarƙashin wurin ajiye mota ake haƙa sokawe ko tankin ruwa na ƙasa, ko a bi da bututun banɗaki ta nan. In ka tarar da sokawe, ka haƙura da wurin baki ɗaya. Murfinsa ba a zuba shi don ɗaukar bango ba, ga wari, ga ranar da za a zo kwashewa. Duba kuma bangon gidan da rumfar ta jingina da shi: in akwai tagar kicin ko ta ɗakin wani a jikinsa, sabon gininka zai toshe musu iska da haske, sai ka fara tunanin inda za a fasa musu wata.

Sai maganar izini. A Kano hukumar KNUPDA ce ke kula da tsarin gine-gine, a Kaduna KASUPDA, kowace jiha da tata. Ka je ka tambaya tun kafin ka fara, musamman in rumfar tana dab da titi, don jan fentin alamar rusau a jikin sabon bango ba abin da mutum zai so ya wayi gari ya gani ba ne. In gidan haya ne, ka karɓi yardar mai gida a rubuce. In kuma katangar da ta raba ka da maƙwabci ce gefe ɗaya na rumfar, ka zauna da shi. Shawarata ita ce kada ka mayar da katangar bangon ɗaki, domin yawanci harsashinta marar zurfi ne. Ja da baya ka tayar da naka, kuma ka tabbata ruwan rufinka ba gidansa zai riƙa zuba ba.

Yanzu awo da lissafi. A ce rumfar mita 6 ce a tsawo, mita 3 a faɗi, ta jingina da gida ta dogon gefenta. Bango uku za ka gina, jimlar tsawonsu mita 12. In tsayin ya kai mita 2.7, ka sami murabba'in mita 32 da ɗoriya. Cire ƙofa ɗaya da tagogi biyu, ya rage kamar 28. Kowane murabba'in mita yana cin bulo 10, ke nan 280, sai ka ƙara na harsashi da wanda zai fashe a hanya. Bulo mai inci 6 ya wadatar ga ɗaki irin wannan, amma in da hali, mai inci 9 ya fi tare zafi a bangon da ke kallon yamma. Wurin saye ka murza gefen bulon da yatsa. In yashi yana zuba, wuce gaba.

To ga inda nake so ka natsu. Ɗebo bokitin ruwa ka kwarara a daɓen rumfar. Za ka ga ya gangara waje, don haka aka yi shi, kuma kusan tsayinsa ɗaya da tsakar gida saboda mota ta hau ba wahala. Sau da yawa ma siriri ne, an shimfiɗa shi kan ƙasar da ba a danne sosai ba. Wanda ya jera bulo kai tsaye a kan irin wannan daɓe, damina biyu ta ishe shi ganin tsaga daga kusurwar taga zuwa ƙasa, da danshi yana hawa bango yana kumbura fenti. Na taɓa shiga ɗakin da aka yi haka, katifa sai da aka ɗora ta kan bulo saboda ruwan da ke kutsowa ta ƙarƙashin ƙofa duk lokacin da aka yi mamako.

Saboda haka ka ja igiya a layin da bangon zai bi. Don kusurwa ta fita daidai, auna santimita 90 a gefe ɗaya, 120 a ɗayan, tsakanin alamomin biyu ya ba ka 150. Fasa daɓen a kan layin da guduma da diga, ka haƙa rami mai faɗin santimita 45 zuwa 60, ka yi ta sauka har ka taɓa ƙasa mai tauri, kada ya gaza santimita 60. In ƙasarku baƙa ce mai darewa da rani ta kumbura da damina, irin ta wasu yankunan Borno da Adamawa, wannan ba aikin ƙiyasi ba ne, nemi injiniya ya faɗa maka irin harsashin da ya dace. Fesa maganin gara a ramin. Kwaɓa kankare: kwanon sarki ɗaya na siminti, uku na yashi, shida na tsakuwa, ka zuba kaurin santimita 15. Washegari ka fara jera bulo daga cikin ramin, kana cika ramukansu da kankare, har ka wuce tsakar gida da santimita 15 aƙalla, ko ka daidaita da daɓen cikin gida. A wannan layin ka shimfiɗa leda mai kauri kafin ka ci gaba. Ita ce ke hana danshi hawa, kuma kuɗinta bai taka kara ya karya ba.

Cikin ɗakin kuwa, ka goge tabon baƙin mai da mota ta ɗiga, ka cike da jar ƙasa kaɗan-kaɗan kana yayyafa ruwa kana dannewa, ka rufe da leda, sannan ka zuba kankare mai kaurin santimita 10, wannan karon siminti ɗaya, yashi biyu, tsakuwa huɗu. Don ya kwanta daidai, cika siririn tiyo mai nuna ciki da ruwa, kai ka riƙe baki ɗaya wani ya riƙe ɗayan, ku yi alama a kusurwoyi huɗu inda ruwan ya tsaya. Ka riƙa ba shi ruwa safe da yamma na kwana 7. In lokacin hunturu ne ka rufe shi da buhuna jiƙaƙƙu, don iskar tana shanye ruwan kafin simintin ya kama.

Jeren bango shi ne abin da hannu ke saurin koyo. Siminti ɗaya, yashi shida. Fara da kusurwoyi, ja igiya tsakaninsu, kowane bulo ya hau kan mahaɗar biyun da ke ƙasansa, kana duba miƙewarsa da lebur, ma'aunin nan na magina mai ɗan ruwa a ciki. Kada ka wuce layi biyar ko shida a rana. Inda sabon bango ya haɗu da tsohon, huda tsohon ka cusa guntun rodi bayan kowane layi biyu, ragowarsa ta kwanta cikin kwaɓin sabon. In ba haka ba, nan ne zai fara rabuwa.

Ginshiƙan ƙarfen rumfar kwano kawai aka yi su su ɗauka. Tona gindinsu ka ga ko tsatsa ta ci. Masu lafiya a bar su a cikin bango a kewaye su da kankare, amma nauyin rufi da silin ya koma kan ginin. A saman ƙofa da tagogi a zuba linta da rodi mai milimita 12, kuma na fi son a zagaye ɗakin da ita gaba ɗaya ta ɗaure bangon wuri guda. In ba ka taɓa ɗaura rodi ba, ɗauki birkila na kwana ɗaya ka zama leburansa. Katakon da ya tallafi lintar kada a cire shi kafin mako biyu.

Tagogi biyu, a bango daban-daban, don iska ta shiga ta fita. Ɗakin da ke ƙarƙashin kwano mai taga ɗaya, a watan Afrilu, ba ya kwantuwa. Haka ma tsayi: ka ɗaga daɓe, za ka sa silin, rumfar kuma dama gajera ce. In abin da ya rage tsakanin daɓe da silin bai kai mita 2.4 ba, a kwance rufin a ƙara layin bulo biyu a mayar. Fankar sama ma tana son fiye da haka. Bar 'yan kafofi masu raga tsakanin silin da kwano don zafi ya sami mafita ba tare da jemage da ɓera sun shiga ba.

Wuta kam ka bar wa mai wayarin da ya san aikinsa. Naka shi ne ka nuna masa inda kake son soket da makunni, a binne bututun waya kafin filasta, ka kuma tsaya a kan waya mai kaurin murabba'in milimita 1.5 ga fitilu, 2.5 ga soket, da nata abin katse wuta a akwatin gidan.

Filasta, tayil, ƙofa da ƙarfen taga duk za su biyo baya ba tare da wata matsala ba. Ka dai bar filastar ta bushe makonni kafin fenti. Amma kafin a buga silin, sa wani ya hau da tiyo ya kwarara ruwa a rufin, musamman inda kwanon ya haɗu da bangon gida, kai kuma ka tsaya a ciki kana kallon sama. Duk inda ka ga ɗigo, a sa masa kwanon kariya da aka cusa bakinsa cikin bango aka liƙe da siminti, a canza ƙusoshin da robarsu ta mutu, sannan a sake zuba ruwan a gani.