Yadda na gyara adireshin intanet da ya ƙi dannuwa a imel

Kwana uku ina tura wa abokan aiki adireshin wani shafi, amsa ɗaya suke dawo min da ita: "Ba ya dannuwa."

Da na zauna na duba, ashe imel ɗina rubutu ne zalla, ba HTML ba, wato tsarin da ke ba da damar sa launi, hotuna da abin dannawa a cikin saƙo. A irin wannan saƙo manhajar mai karɓa ce ke gane adireshi da kanta ta mai da shi abin dannawa. Ni kuwa na saba rubuta adireshi ba tare da https:// a gabansa ba, wasu manhajojin sai su ɗauke shi kamar kowace kalma.

Matsala ta biyu ta fi ba ni haushi. Adireshin dogo ne, manhajata kuma tana karya layi a harafi na 72, sai wutsiyarsa ta faɗa layin ƙasa. Rabin sama kaɗai ke yin shuɗi, ya kai mutum shafin da babu shi.

Yanzu ina sa https://, in ajiye adireshin a layinsa shi kaɗai tsakanin alamomin < da >, in musanya duk tazarar da ke cikinsa da %20 (alamar da ke wakiltar tazara a adireshi), ba na kuma liƙa masa aya a ƙarshe. Na gwada a Gmail da Outlook, duk ya dannu.