Yadda Ake Kauce wa Kuskure Wajen Ba da Magani a Ƙananan Asibitocin Kebbi

A ƙananan asibitocin Jihar Kebbi, daga Kamba har zuwa Zuru, tagar ɗakin magani ita ce wuri na ƙarshe da majinyaci yake tsayawa kafin ya kama hanyar gida, kuma duk kuskuren da ya tsallake wannan taga sai dai a gan shi a jikin mutum. Jihar tana da ƙananan hukumomi 21 da mazaɓu 225, kuma ba kowane asibitin mazaɓa ne yake da ƙwararren mai harhaɗa magunguna ba, har ma akan sami wurin da ma'aikaci guda ne zai duba mara lafiya, ya rubuta masa magani, sannan ya zagaya ya ɗauko ya ba shi. Matsalar ba tamu kaɗai ba ce, domin a shekarar 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar da wani shiri na rage munanan illolin da kuskuren magani ke jawowa da rabi cikin shekaru biyar, tana mai ƙiyasta cewa irin wannan kuskure yana cin kimanin dala biliyan 42 a duniya kowace shekara. Abin da zai biyo baya ya ginu ne a kan ƙa'ida guda, wato kada mai ba da magani ya yi kintace a kan komai, ko sunan magani ne, ko awonsa, ko kuma fahimtar wanda ya miƙa wa.

Da farko a tabbatar da mai takardar maganin. A garuruwanmu ba abin mamaki ba ne a sami Aisha Muhammad uku a kan benci ɗaya ranar awon ciki, saboda haka kiran suna kaɗai bai wadatar ba, sai an haɗa da lambar kati da unguwa ko ƙauyen da aka fito. Akwai kuma abin da ma'aikaci baƙo ba zai lura da shi da wuri ba: uwa da yawa ba za ta ambaci sunan ɗanta na fari ba saboda alkunya, don haka idan aka tambaye ta sai ta sunkuyar da kai ko ta amsa da eh a kan duk sunan da aka kira. A irin wannan hali a tambayi wadda ta rako ta, ko a nemi ta miƙo katin yaron. Haka nan a bincika ko mai karɓar maganin shi ne mara lafiyar, domin sau da yawa miji ne yake karɓar wa matarsa, ko kuma an aiko yaro da takarda a hannu. Yaron da aka aiko ba a ɗora masa bayanin magani mai haɗari da baki. A rubuta komai, ko a ce babba ya zo.

Daga nan sai karatun takardar kanta, kuma a nan ne ya kamata a fi daɗewa. Takarda cikakkiya tana ɗauke da sunan majinyaci, da shekarunsa, da nauyinsa idan yaro ne, da kwanan wata, da sunan magani, da ƙarfinsa, da yawan da za a sha a kowane lokaci, da sau nawa a rana, da kwana nawa, da sa hannun wanda ya rubuta. Idan ɗaya ya ɓace ba aikin mai ba da magani ba ne ya cike gurbin da ka. Gajerun alamomin da ake rubutawa suna da sauƙin rikiɗa a hannun mai sauri: od sau ɗaya ne a rana, bd sau biyu, tds sau uku, qds sau huɗu, kuma od da bd harafi guda ne ya raba su. Haka 5/7 yana nufin kwana biyar, 2/52 mako biyu, 1/12 wata guda, kuma wanda ya ɗauki 2/52 a matsayin kwana biyu ya rage wa majinyaci kwana goma sha biyu na magani. Ɗigon da ke tsakanin lambobi ma ya isa ya kashe mutum, domin idan aka rubuta 1.0 kuma ɗigon bai fito ba sai a karanta 10, idan kuma aka rubuta .5 ba tare da sifili a gaba ba sai a karanta 5. A allurar insulin ta masu ciwon suga, harafin U, mai nufin awon insulin, da wasu ke sawa bayan lamba yakan yi kama da sifili, har 4 ta koma 40.

Sunayen magunguna da suke kama da juna a rubuce su ma tarko ne. Chlorpheniramine na mura da ƙaiƙayi ne, chlorpromazine na taɓin hankali, chlorpropamide kuma na ciwon suga, kuma idan aka miƙa na ƙarshen ga wanda ba shi da ciwon suga, sugansa zai iya faɗuwa har ya suma. Metformin na ciwon suga da metronidazole na ciwon ciki da gudawa haka suke, carbamazepine na farfaɗiya da carbimazole na maƙoƙo su ma haka. Maganin wannan ba shi da wuya: kada a jera irin waɗannan kusa da juna a kanta, a kuma dubi abin da aka ce yana damun majinyacin, domin mutumin da ya zo da ciwon ciki da gudawa ba shi da dalilin fita da maganin suga. Idan rubutu bai karantu ba a tashi a je wurin wanda ya rubuta, ko a kira shi a waya, a kuma rubuta gyaran a jikin takardar da sa hannu. Wasu ƙananan ma'aikata suna jin nauyin komawa wurin babba da tambaya, kamar hakan raini ne. A ganina shugaban asibitin da yake ɓata rai idan aka dawo masa da takarda shi ne ya fi kowa buƙatar gyara.

Maganin yara da nauyi ake auna shi, ba da shekaru ba, musamman a inda tamowa ta yi yawa har yaro ɗan shekara uku yake da nauyin ɗan shekara ɗaya da rabi, ga shi kuma iyaye da dama suna lissafin shekaru ne da damina ko da salla. Sikeli ya kamata ya kasance kusa da tagar. A ɗauki farasitamol, wanda ake ba yaro miligiram 15 a kan kowane kilo guda na nauyinsa, ba fiye da sau huɗu a awa 24 ba. Yaro mai kilo 12 zai sha miligiram 180 ke nan, kuma idan kwalbar ta ce akwai miligiram 120 a cikin mililita 5, rabonsa mililita 7.5 ne. Amma akwai na jarirai da ake ɗigawa, mai miligiram 100 a cikin mililita guda kacal, kuma idan aka auna mililita 7.5 daga irin wannan kwalba an ɗura wa yaron miligiram 750, fiye da ninki huɗu na abin da ya dace, alhali wannan magani hanta yake lalatawa idan ya yi yawa. Amoksisilin na ruwa shi ma yana zuwa da ƙarfi biyu, mai 125 da mai 250 a cikin mililita 5. Saboda haka takardar da ta ce a ba da cokali ɗaya ba tare da faɗin ƙarfin kwalbar ba, takarda ce da ba ta cika ba. Cokalin gida kuwa ba awo ba ne; a ba uwa murfin awo ko sirinji marar allura, a ja mata layi da biro a daidai inda za ta tsaya.

Maganin zazzaɓin cizon sauro shi ne ya fi fita daga ɗakunan maganinmu da damina, musamman a yankunan fadama da bakin kogi irin su Argungu, Bagudo da Yawuri, don haka kuskurensa ma ya fi yawa. Haɗin artemether da lumefantrine, wanda mutane suka fi sani da Coartem, ana shan sa sau shida cikin kwana uku. Idan ƙwayar mai ƙarfin 20/120 ce, wato miligiram 20 na artemether da 120 na lumefantrine, yaro mai kilo 5 zuwa ƙasa da 15 ƙwaya ɗaya yake sha a kowane lokaci, mai 15 zuwa ƙasa da 25 biyu, mai 25 zuwa ƙasa da 35 uku, daga kilo 35 zuwa sama kuma huɗu. Sai dai akwai ƙwaya mai ƙarfin 80/480 wadda guda ɗaya take daidai da huɗu, kuma wanda ya saba cewa a sha huɗu-huɗu ba tare da duba kwali ba zai sa mutum ya ninka maganinsa sau huɗu. Kashi na biyu ana shan sa awa takwas bayan na farko, sauran kuma safe da yamma, tare da abinci mai maiƙo ko nono domin jiki ya ja maganin sosai. Idan yaro ya amayar cikin rabin awa a maimaita masa, a kuma dawo a karɓi cikon abin da ya zube don kada kwana ukun su gaza.

Akwai tambayoyin da ba a sallamar kowa sai an yi masa su. Shin akwai maganin da ya taɓa sa masa ƙuraje, ko kumburin fuska, ko sarƙewar numfashi? Idan mace ce, tana da juna biyu ko tana shayarwa? Wannan tambaya a yi ta da murya ƙasa-ƙasa, domin mai ƙaramin ciki ba za ta faɗa a gaban layi ba, ga shi kuma magunguna irin su doxycycline da lisinopril ba a ba mai ciki su, doxycycline ɗin ma ba a saba ba yaro ɗan ƙasa da shekara takwas ba. Sannan a tambayi abin da aka riga aka sha a gida, saboda kafin a iso asibiti yawanci an biya ta kemis an ce a haɗa magani, an ƙullo ƙwayoyi a leda babu suna, ban da jiƙo da sassaƙe. Magungunan mura da yawa suna da farasitamol a ciki, kuma babba bai kamata ya wuce giram 4 a rana ba idan aka tara duka. Mai gyambon ciki ba a ba shi diclofenac ko ibuprofen. Yaron da ma'aikatan gida-gida suka ba maganin rigakafin zazzaɓi na damina, wanda ake raba wa 'yan wata 3 zuwa 59 duk wata, ya riga ya sha amodiaquine da irin sinadarin Fansidar, dukansu na zazzaɓin cizon sauro, don haka idan zazzaɓi ya kama shi ba a sake ba shi magani mai ɗauke da su. Mai cikin da take shan Septrin kullum ita ma ba a ba ta Fansidar a wurin awo.

Wajen ɗauko magani a karanta kwali sau uku, lokacin da aka sauko da shi daga kanta, da lokacin ƙirgawa, da lokacin mayarwa. A duba lambar rajistar NAFDAC da ranar ƙarewar wa'adi, a kuma riƙa fitar da wanda wa'adinsa ya fi kusa kafin sabo. Zafin bazara a Birnin Kebbi yakan haura digiri 40, alhali yawancin magunguna an ce a ajiye su ƙasa da digiri 30, insulin da allurar oxytocin ta masu haihuwa kuma firiji suke buƙata, tsakanin digiri 2 da 8. Ƙwayar da ta canza launi, ko ta dunƙule, ko ta narke a fakiti, a ware ta ko da wa'adinta bai cika ba. Kowane magani da ambulan ɗinsa, da sunansa da ƙarfinsa da sunan mai shi a rubuce. Zuba iri uku a leda guda ba ya halatta ko da layi ya kai bakin ƙofa.

Bayanin da za a yi wa majinyaci shi ne rabin aikin, kuma tambayar «kin gane?» ba ta da amfani, domin ladabi zai sa a amsa da eh. Abin da ya fi shi ne a miƙa mata ambulan ɗin a ce: «Inna, nuna mini yadda za ki ba shi idan kin koma gida.» Idan ta ɗaga farar ƙwayar ta ce wannan uku-uku ce, alhali sau uku aka ce a rana, an kama kuskuren tun bai bar asibiti ba. Ga wanda ba ya karatun boko a zana alamar rana tana fitowa, da rana tsaka, da jinjirin wata, a ja layuka a ƙarƙashin kowace daidai da yawan ƙwayoyin, ko a rubuta da ajami ga wanda ya iya. Lokutan salla sun fi agogo zama a ka: sau biyu a rana asuba da magariba ne, sau uku kuma asuba da azahar da lokacin kwanciya bayan isha'i. Kada a manta cewa ba kowa ne Hausa ta zauna wa a baki ba a wannan jiha, akwai masu Fulatanci da Zabarmanci da Dakarci da Kambarci, kuma gyaɗa kai ba shaidar fahimta ba ce. A nemi tafinta. Da azumin Ramalana wasu sukan tattara maganin sau uku su sha tsakanin buɗa-baki da sahur, ko su yar da na rana. Wannan ba hukuncin da mai taga zai yanke shi kaɗai ba ne, sai a mayar da mutum wurin wanda ya rubuta ya duba ko akwai wanda ake sha sau ɗaya ko sau biyu, musamman mai ciwon suga da yake shan glibenclamide, wanda sugansa kan iya faɗuwa da tsakar rana.

Idan an gano kuskure bayan majinyaci ya tafi, a bi shi nan take, ta waya ko ta hannun mai unguwa, shi ya sa rubuta lambar waya da unguwa a rajista yake da muhimmanci. A gaya masa gaskiyar abin da ya faru, a karɓi maganin, a tambayi nawa ya riga ya sha, idan kuma akwai alamar haɗari a tura shi babban asibiti da takarda mai bayyana sunan maganin da yawansa da lokacin da aka sha. Kowane ɗakin magani ya ajiye littafi na musamman da ake rubuta kurakurai, har da waɗanda aka tare kafin su fita, ba tare da an mai da shi littafin tuhuma ba, a riƙa duba shi a taron ma'aikata na wata-wata domin a ga ko wani kwali ne yake yawan rikita mutane ko kuwa ranar kasuwa ce aiki ke fin ƙarfin mutum guda. Illar da magani ya yi wa jiki ko da an ba da shi daidai, da kuma maganin da ake zargin jabu ne, ana kai rahotonsu ga NAFDAC ta fom ɗinta mai launin ɗorawa ko ta manhajar waya ta Med Safety, tare da lambar rukunin da ke jikin kwalin da sunan inda aka sayo shi.