In ka yanki tikitin jirgin ƙasa na Kaduna ba daidai ba

'Yan uwa masu zuwa Kaduna daga Abuja a dawo a ranar: in kun duba kun ga tikitin komawa na jirgin ƙarshe kuka yanka maimakon na rana, kada ku zauna a tashar Rigasa kuna gadin benci. Kuma ku rabu da masu cewa za su canza muku shi ta bayan fage, tunda da sunanku aka buga.

Ku hau Keke Napep ku shiga gari. Ku fara da Arewa House, tsohon gidan Sardauna, inda aka kashe shi a 1966. Hotuna da kayansa suna nan. In akwai sauran kuɗi, Kasuwar Barci na da arhar kaya, sai dai a iya ciniki.

Ana sallar La'asar ku kama hanya. Cunkoson Rigasa da yamma ba ya jin roƙo.