Yadda Ake Aiki da Mafarki a Tsarin Carl Jung

A shekarar 1913, bayan sun raba gari da Sigmund Freud, shahararren masanin nazarin zuciyar ɗan Adam, likitan ƙwaƙwalwa ɗan ƙasar Suwizalan, Carl Gustav Jung, ya shiga wani hali na ruɗewa. Mafarkai masu tayar da hankali suka yi ta zuwar masa. Bai kore su ba. Ya ɗauki alƙalami yana rubuta su, yana zana su, har yana yi wa mutanen cikinsu tambayoyi. Ya shafe kusan shekara 16 a kan wannan aiki, wanda ya zama littafinsa da ake kira Jan Littafi, kuma ba a buga shi ba sai 2009, shekara 48 bayan rasuwarsa. Matakan da ke ƙasa daga wannan hanya aka tsamo su.

Kafin komai, ka riƙe abu ɗaya. Freud na ganin mafarki ɓad-da-kama ne, wato wata sha'awa ce da aka danne ta sake kaya ta fito. Jung kuwa cewa ya yi mafarki ba ya ɓoye komai, harshensa ne ba mu iya ba. Aikin mafarki daidaita awo: in ka karkata gefe ɗaya da rana, da dare sai ɓoyayyen sashen zuciyarka ya kawo maka gefen da ka bari.

Mataki na farko, ka rubuta. Littafi da biro a gefen gado, kana farkawa ka zuba abin da ka tuna kafin ka taɓa waya. Ko guntu ne, rubuta shi, tare da yadda ka ji a jikinka: tsoro ne, kunya ce, ko sanyin rai.

Na biyu, ka bi hotunan ɗaya bayan ɗaya. A ce ka ga baƙin kare zaune a ƙofar wani tsohon gida. Kada ka nemi littafin da zai ce kare na nufin kaza. Tambayi kanka: mene ne kare a wurina? Wane gida wannan ya tuna mini? Wanda kare ya taɓa ciza da wanda ya tashi yana wasa da kare ba su yi mafarki ɗaya ba, ko da hoton iri ɗaya ne. Duk amsar da ta zo, ka sake komawa kan hoton. Kada tunani ya ja ka daga kare zuwa maƙwabci, daga maƙwabci zuwa bashi, har ka manta inda ka taso. A nan ma Jung ya saɓa wa Freud, wanda ke barin mai magana ya bi zaren duk inda ya nufa.

Na uku shi ne mai wuya, kuma a ganina nan amfanin yake. Ka dubi mutumin da ya fi ba ka haushi a mafarkin, musamman in jinsinku ɗaya, ka tambaya ko wani ɓangare ne naka. Jung ya kira wannan inuwa: halayen da ka ƙi yarda naka ne, ka tura su baya don fuskar da kake nuna wa jama'a ta zauna tas. Mutumin da kowa ya sani da haƙuri zai iya mafarkin wani mafaɗaci na bin sa da gudu. Ba lallai mafaɗacin mugu ba ne. Watakila shi ne "a'a" ɗin da mai haƙurin ya kasa faɗa shekara da shekaru. Inuwa ba sharri ce zalla ba. Har baiwar da aka binne tana ciki. Alamar cewa fassara ta taɓa wurin ita ce ka ji ta ɗan cije ka. In ta yi maka daɗi sosai, ta wanke ka ta ɗora laifi a kan wasu, to ka sake dubawa.

Na huɗu, kada ka yanke hukunci da mafarki guda. Tara na wata biyu ko uku ka ga abin da ke maimaituwa. Jung da kansa ya yi nazarin mafarkai 400 a jere na masanin kimiyyar fiziya Wolfgang Pauli, wanda ya ci kyautar Nobel a 1945.

Na biyar, hira da hoton kana ido biyu. Zauna wuri shiru, dawo da karen nan a zuci, ka zuba masa ido har ya motsa da kansa. Yi masa tambaya, ka jira, ka rubuta amsar ko da ba ta yi maka ma'ana ba. Wannan ba zaman saƙe-saƙe ba ne: kana nan da hankalinka, kana da ikon yin musu. Haka Jung ya yi ta muhawara da wani dattijo mai fukafukai da ya gani a mafarki, ya sa masa suna Filimon. Minti 15 ya isa, ka tashi ka kama harkarka.

Na shida, ka ba hannu dama. Abin da baki ya kasa, fenti ko yumɓu na iya fito da shi, kuma ba sai ka iya zane ba. A 1918 da 1919 Jung kan zana da'ira kowace safiya, yana karanta yanayin zuciyarsa daga yadda ta fito. Daga baya wata mai bin tsarinsa, Dora Kalff, ta gina hanyar jinya da tiren yashi da 'yan ƙananan siffofi, inda yaro ko babba ke shirya duniyarsa ba tare da ya ce uffan ba.

Na ƙarshe, ka fitar da abu ɗaya ƙarami zuwa rayuwa. Mai haƙurin nan, alal misali, ya ƙi karɓar aiki guda da ya fi ƙarfinsa a wannan makon, ya ga abin da mafarkin gaba zai ce.

Sai dai a kula. Wanda ke jin muryoyi, ko yake kasa bambance mafarki da zahiri, ko mafarkinsa ke maimaita wani bala'i da ya auka masa, kada ya yi mataki na biyar shi kaɗai. Ya nemi likitan ƙwaƙwalwa ko ƙwararren mai jinya ta hanyar tattaunawa. Masu bin wannan tsari ana horar da su shekaru a wurare irin Cibiyar Jung ta Zurik, wadda aka kafa a 1948, kuma kowannensu sai ya zauna an yi nazarin tasa zuciyar kafin a ba shi mara lafiya.